Kawu da Shafin Jimina

Na Allah ne mu duka, kuma can za mu tattara. Kawu dai ya riga mu.

Na iso Barmu ranar Alhamis da hantsi a bayan motar 'yan kasuwa, na tarar an rufe shi tun jiya da la'asar. Ban samu salla ba, ban ga fuskarsa ba. Abin da na samu shi ne zaurensa cike da tabarmi da mutane. Aka matsa mini wuri a jikin bangon gabas, daidai inda yake zama, na kwana uku ina karɓar gaisuwa a wurin, domin babban ɗansa yana Kumasi wajen biɗa, wato neman kuɗi, ko labari bai kai masa ba tukuna.

Kowa da irin Kawun da ya zo yi wa kuka. Liman ya ce tun ranar da ya rataye baka ya bar farauta bai rasa jam'i ba, kuma shi ke share masallaci ba wanda ya sa shi. Wata tsohuwa maƙwabciya ta leƙo daga ƙofar cikin gida tana share hawaye, ta ce, "Wayyo ni! Yanzu wa za shi hana ma ɗiyan ga jihwar bushiya?" Samari biyu a bakin ƙofa suna raɗa, na ji ɗaya yana cewa ai shi ne tsohon nan mai kauce wa tururuwa a hanya kamar ya gamu da sarki. Na harare su, amma gaskiya suka faɗa. Akwai wani babban masaki jingine a bango kusa da ƙofa, yashi manne a bakinsa. Na yi mamakin abin da ya kawo kayan mata zaure, sai dai hankalina bai tsaya a kai ba.

Rana ta biyu wani tsohon Buzu ya durƙusar da raƙuminsa a ƙofar gida. Daga arewa ya fito, abokin dajin Kawu ne tun suna samari. Ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya dube ni.

"Kai na ɗan ƙanwatai, mai kaye?"

Na ce ni ne.

"To, ka karɓi jimina?"

Na sunkuyar da kai. Bai sake tambaya ba. Ya ja amawali ya rufe fuska har ido, ya ce, "Shi ke nan, ta tahi."

Mutanen zaure ba su gane ba. Ni na gane sarai, domin cikin jakar da ke gefena akwai kaye mai shuɗin bango, littafin dabbobin daji da muka shekara shida muna rubutawa ni da Kawu, kuma a cikinsa akwai shafin jimina, ba komai a kansa sai suna. Saboda shafin nan nake wannan rubutu, don kada a manta da mutumin, kuma don a san wanda ya yi sakaci.

Kawu yayan mahaifiyata ne, maharbi ɗan maharbi. Ni kuwa tun ina ƙarami aka kama ni lakwal, makarantar boko, na yi karatu har na zama mushe, wato malamin makaranta, a Tawa, ina koyar da yara Faransanci. Bai taɓa kirana mushe ba. Mai Takalmi yake ce mini, saboda takalman fata masu ƙusa da nake ji da su. Ya ce duk ƙasar Adar ba sawu mai muni kamar nawa. Mutum ne da ba ya tafiya yana kallon gaba, ƙasa yake kallo. In ya dawo daga gona zai tsaya a ƙofa ya ce wa matarsa, "Ƙanwakki ta zaka, ta kuma hita da hatsi, don ta hi nauyi wajen komawa." Ba dama a yi masa ɓoyo a gidan nan, matar har fushi take yi.

A hutun da ya biyo bayan sauke tutar Nasara na je gaishe shi, na tafi da littafin karatun 'yan ajina mai hotunan dabbobi, don in burge shi. Ya lasa yatsa yana buɗawa a hankali. Da ya kai kan barewa ya tsaya.

"Wanda yaz zana wagga, matatta yag gani. Mi anka rubuta ƙarƙashi?"

Na fassara masa: barewa dabba ce mai gudu, tana cin ciyawa.

"Sai mi?"

"Shi ke nan, Kawu."

"Kai! Ko akuyarmu ta san haka. Wanga shi aka koya ma ɗiyanmu?" Ya rufe littafin ya miƙo mini. Sannan ya ce, "Mai Takalmi, sawo kaye. Ɗana ya zaɓi Kurmi, can Kumasi, bai da ruwa da daji. In na mutu, kowa sai shi yarda da wanga zane."

Na kawo kaye. Ya sa na rubuta sunayen dabbobi, kowace da warƙarta: dila, kura, zomo, beguwa, tunku, tuje, barewa, har zuwa jimina. Na gyara zama na ce to bismilla, mu fara da dila. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Nan? Ba a ba da dabba cikin zaure."

A ranar na san ƙa'idarsu. A gidan maharba, ba a koya wa mutum sanin dabba sai an tsaya da shi a kan sabon sawunta, can inda ta taka da kanta. Mai koyo zai durƙusa ya sa hannu cikin sawun, sannan babba ya buɗe baki ya faɗa masa komai: inda take kwana, abin da take ci, yadda ake kusantarta, lokacin da aka hana taɓa ta, da abin da ake ce mata bayan ta faɗi. Wannan shi ake kira karɓar dabba. Haka ubansa ya ba shi, haka kakansa ya ba ubansa. Na ce haba Kawu, ai rubutu ne kawai. Ya ce rubutun ma ya ɗauki sanda ya biyo mu.

Shekaru biyun farko abin ya yi daɗi. Duk hutu sai mu kama hanya, shi gaba da gora, ni baya da kaye ina tuntuɓe. Ba na manta safiyar da muka karɓi barewa, a wani kwari bayan Affala. Na durƙusa na sa yatsu biyu cikin sawun, ƙasar da sauran sanyinta. Ya tsuguna gefena ya fara magana da wata murya da ban san yana da ita ba. Ya nuna mini yadda gefen sawu ke zubewa, da yadda ake gane ko da asuba ta wuce ko da hantsi. Ya ce wannan mace ce kuma da ciki, don ƙafafun baya sun fi nutsewa, kuma irinta ko yunwa za ta kashe ka ba ka ɗana mata kibiya. Ba a harbinta tana shan ruwa. In ka kashe, ka dafa wuyanta ka nemi gafararta, ka faɗa mata bakin mutum nawa za ta ciyar. Na cika warƙa huɗu a durƙushe, cinnaku suna cizona ban ji ba. Wallahi ranar na ji kunyar duk abin da nake koya wa yara.

Akwai wani kasko da yake ajiyewa bayan dangar gida, kullum rani ya cika shi da ruwa don tsuntsaye da duk abin da ƙishi ya koro. Kowa ya san zurfin rijiyoyinmu. Matarsa ta ce ita ba za ta tsinke hannu da igiya don dila ya sha ba. Bai yi gardama ba. Washegari ya ɗauki guga ya shiga layin mata, tsoho da furfura, ya jawo na kaskonsa da kansa. Mata suka yi ta yi masa tsiya, wai amaryarsa ta daji ta aiko shi. Haka ya yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare, daga nan matar ta karɓa, tana mita tana cikawa.

Kaye ya cika, ban da shafuka kaɗan. Na zaki da na raƙumin dawa ba su dame shi ba, ya ce akwai masu su a yamma, can wajen kogi, su suka san yadda za su yi. Amma jimina ta gidansu ce. Duk arewacin Adar ba wanda ya gaji saninta sai shi. Buzun nan abokinsa ma rakiya kawai yake yi. In Kawu bai ba wani ba, ta ƙare.

Kuma jiminar ce ta ƙi samuwa. Muka je inda ya ce suna ƙwai a da, muka tarar da gero ya fi mu tsawo. Abin haushi, ba fari ne ya ci dajin ba a shekarun nan, damina ce mai kyau. Ruwa ya yi ta sauka, mutane suka yi ta sassabe suna turawa arewa, kowa na murna, ni ma har da ni. Muka tambayi wani mai gona, ya jingina da hauyarsa ya ce, "Jimina? Rabona da ita tun kahin in yi aure." Muka ƙara gaba, inda aka haƙa sabuwar rijiyar fanfo, shanu sun tattake ƙasa ta koma gari, ko sawun zomo ba ka gani.

A wata tafiyar ce ya faɗa mini dalilin da ya sa ya rataye baka. Mun zauna gindin wata aduwa, a bakin wani fili shimfiɗaɗɗe da ba ka ganin ƙarshensa. Ya ce a ƙarshen zamanin Nasara wasu manya daga Tawa suka zo da mota da bindigogi, aka ce shi ya san daji, shi zai kai su. Ya ji daɗi har ransa, an san da shi. Ya kawo su filin nan. Su a gidansu, da kibiya, in an samu jimina ɗaya a shekara an gode Allah. Waɗannan kuwa suka bi garken da mota har tsuntsayen suka riƙa faɗuwa don gajiya. Suka fige gashi, suka kwashe ƙwai, suka bar nama ga angulu.

"Ni nan nis shiga gaban mota ina nuna musu da hannu," in ji shi. "Wanga hannu. Ba su san wurin ba, Mai Takalmi. Ni nig gwada musu."

Na ce ai yanzu mulki ya dawo hannunmu, abin zai gyaru. Ya yi tsaki. Ya ce motocin ba su daina zuwa ba, hulunan cikinsu kawai suka sake.

Shekara huɗu muna nema. Na gaji, ba zan ɓoye ba. Abokan aikina suna hutu a gidajensu, ni ina yawo bayan tsoho da jaki, ƙaya ta gama da takalmana. Kuma ina ganin Kawu yana raguwa, yana tsayawa ya huta inda a da ba ya tsayawa.

Sai na ji labarin wani attajiri mutumin Damagaram da ke zaune a Tawa, yana kiwon jimina a gidansa don gashinta. Na yi tsalle! Na ce ga magani a ƙofar gida muna wahala. Na aika wa Kawu ya zo cin kasuwar Lahadi, ban faɗa masa dalili ba. Ya zo, ko da yake ba ya son birni. Na ja shi har gidan. Mai gida ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka buɗe mana garka. Ga ta nan tsaye, doguwa, an fige mata fukafukai da wutsiya, fatarta a waje, tana tsattsagar dusa cikin tsohon kwano. Ƙasan garkar duk sawunta ne. Na durƙusa da sauri na sa hannu cikin ɗaya, na buɗe kaye a gwiwa.

"Bismilla, Kawu. Ga sawu, ga hannu."

Bai tsuguna ba. Ya dubi tsuntsuwar, ya dubi ƙasa, ya bi sawun da ido yadda ya kewaya bango, ya sake kewayawa.

"Tashi," ya ce. "Wanga sawun hursuna na. Ba ta zuwa ko'ina, ba ta hito ko'ina ba. Mi za ni gwada maka ciki? In na ba ka ita nan, ƙarya za ka rubuta, kuma da bakina."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba. A gaban mai gida da barorinsa na ɗaga wa yayan uwata murya. Na ce shekara huɗu ina binsa kamar raƙumi da akala. Na ce jiminar daji ta ƙare, kuma shi ya fi kowa sanin wanda ya ƙarar da ita. Na ce, "To riƙe abinka! Tafi da ita kabari, garar ƙasa ta karanta!"

Ni na faɗi haka. Ba wanda ya sa ni.

Ya yi wa mai gida godiya, ya ɗauki gorarsa ya fita. Na ɗauka masaukina zai nufa, ashe tasha ya wuce. Mahaifiyata da ta ji, ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata. Na so in je in ba shi haƙuri, amma kullum sai in ce bari hutu ya zo, hutu ya zo in ce bari na gaba. Har shekara ta kewayo ban taka Barmu ba. Girman kai ne, ba wani abu ba.

Ranar wata Juma'a wani mai sayar da kanwa ɗan garinsu ya same ni a ƙofar lakwal. Ya ce, "Kawunka ya ce ka zaka da kaye." Na tambaye shi ko lafiya. Ya ce tsohon dai yana jin jiki, amma yana zaune, yana magana. A makon nan yara suna jarrabawa, kuma ana jiran mai duba makarantu. Wannan shi ne abin da na faɗa wa mutane. Gaskiyar ita ce da na nemi izini da an ba ni. Na ce a raina wani makiyayi ne ya sake kawo masa labarin sawu, za mu sake kwana uku bisa jaki mu tarar da gona. Na ce sai Alhamis. Ranar Laraba da yamma wani saƙon ya iso.

Bayan sadakar uku mutane suka watse. Na shiga cikin gida yin sallama da matar Kawu. Tana zaune a ƙofar ɗakinta cikin takaba, ta rame. Ta bar ni na gama gaisuwa tsaf, sannan ta ce, "Ka gani?"

Na ce me?

"Abin da yab bar maka zaure."

Na ce ban ga komai ba. Ta dafe kai.

Ta ce tun da ciwo ya kwantar da shi ya san ba zai sake shiga daji ba. Ya yi kwanaki ba ya cin abinci, yana magana shi kaɗai, tana jin yana ambaton ubansa yana neman gafara. Ranar da ya aika mini, ya sa ta ɗebo yashi mai laushi daga kwari, ta tankaɗe shi da rariya, ta zuba a zaure jikin bangon gabas, ta yayyafa ruwa. Aka kamo shi aka zaunar. Ya yini yana danna yashin da gindin tafin hannu da yatsu, ya shafe, ya sake, har ya fitar da sawun jimina. Ba ɗaya ba, uku, a jere, da tazararsu, kamar tana tafiya. Ta ce har ƙasar da farce ke watsawa baya sai da ya yi. Buzun nan ya biyo ta gidan a ranar, ya gani, ya ce in da a daji ya gamu da shi da ya bi.

"Yac ce wagga ita ce ta ƙarshe da yag gani tana tahiya da kanta, kahin mota ta iso. Yac ce tun da daji ya hana, shi za shi karya ƙa'idar ubanai, shi ba ka ita cikin zaure, alhaki bisa wuyanai. Ni niɗ ɗauko masakina muka kihe shi don kaji."

Ta ce kullum da safe sai ya sa a fito da shi, ya zauna gefen masakin yana kallon ƙofa. In ya ji mota ta tsaya a kasuwa sai ya ce a duba ko Mai Takalmi ne. Asabar, Lahadi, Litinin, Talata. Yana ta bitar maganar a bakinsa don kada ta kuɓuce masa.

Na ce, "Inna, kin ji abin da yake faɗa? Ko kaɗan?"

"In na matso sai shi yi shiru. Yac ce naka na, sai ka sa hannu."

Da ya cika, ita tana ciki tana kuka. Maƙwabta suka shigo gyara zaure don masu gaisuwa. Wani ya ɗaga masaki ya jingine a bango, aka shimfiɗa tabarmi. Ba wanda ya yi laifi, ba su sani ba.

Ban san yadda na kai zauren ba. Na janye tabarmar bangon gabas, wadda na kwana uku zaune a kanta ina amsa "ya haƙuri". Yashin yana nan, fari, daban da ƙasar zauren. Ya daddale, zanen saƙar tabarma ya fito a kansa. A gefe, inda tabarmar ba ta kai ba, akwai sawu guda da ya fito sarai, har da ƙusoshinsa. Na takalmina ne.

Na durƙusa na sa hannu a yashin duk da haka. Na daɗe a wurin.

Yau kwana arba'in. Kaskon bayan danga ya bushe, mai takaba ba ta zuwa rijiya, ni kuwa na komo Tawa. Jiya a aji muka kai kan darasin tsuntsaye, yara suka buɗe littafinsu, ga hoton jimina. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, akwai ta a ƙasarmu?" Na ce a da akwai. Ta ce yaya take rayuwa? Na duba abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton na karanta musu: tsuntsuwa ce babba, ba ta tashi, tana da gudu. Suka kwafa cikin kayensu.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa ranar da ya shiga gaban mota, ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya shayar da masu ƙishi. Ni kuma ku roƙa mini gafara, don kwana biyar ya jira ni.